Ɓaleye, Kwamfutar Haɓɓanaye

Kurfi, Satumba 2021

Zuwa ga ɗiyata Nana Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifinki Alhaji Mahmuda da duk mutanen gida. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan da ta mai da ni mai sallah a zaune. Innarki Larai tana gaishe ki. Idon nata ya yi sauƙi tun da ta bar gardama da ni ta fara ɗiga magani. Gero ya nuna, masu gona kusa da gari sun fara yanka.

Tun da aka katse mana sabis wayata ta koma tocila. Manu direba, mai jigila tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ya ce zai riƙa kai mana takarda, shi ya sa na koma wa alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun, na malamin dabbobi ne.

To, yaya Ɓaleye? Na san kina dariyar sunan. Cikin ɗan Fillancin da ya rage mini a baki, haka ake kiran baƙar saniya, ni kuwa ban ga sunan da ya fi dacewa da wannan kwamfuta ba. Baƙa ce, mai nauyi ce, ba ta da saurin fushi. Ina bakin aiki aka ba ni ita, shekara goma ke nan, kuma ko a lokacin ta hannu ce, wani ya riga ya more ta a can ƙasarsu. Na yi yawo da ita ruga-ruga lokacin rigakafin shanu. Ta taɓa faɗowa daga bayan babur a hanyar Barkiya, ta yi tsalle a kan tsakuwa, na ɗauko na kakkaɓe na kunna, ta kawo. Maraƙi ya taka murfinta, shaidar kofaton tana nan gefen hagu, ki duba. Shayi ya zube mata a kan madannai, ya tsiyaye ta wasu 'yan ramuka da ke ƙarƙashinta, waɗanda sai ranar na san amfaninsu. Ki nuna mini ɗaya cikin 'yan siraran nan na yanzu da za ta sha shayi ta tashi.

Ina so in tuna miki abin da na faɗa ranar da na miƙa miki ita a bikin gidan 'yar'uwarmu Mas'uda, don hayaniya ta yi yawa, ban tabbata kin ji ba. Ba kyauta na ba ki ba, ba kuma aro irin na mutanen gari ba. Haɓɓanaye ce. A wurinmu, in ɗan'uwa ya rasa shanu, sai ka ɗaure masa karsana ya tafi da ita. Abin da ta haifa a hannunsa nasa ne, uwar kuma ta dawo gida. Ɓaleye ta haifa wa Talha, ɗan ƙanwata, takardar malanta. Ta haifa wa ƙanwarsa Batula ta jinya. Digirinki ne na uku, in Allah ya so.

Shekarar da cutar shanun nan, bushiya, ta share garken mahaifina, kakanki Malam Sa'idu ne ya ɗaure masa karsana. Su 'ya'yan wa da ƙane ne. Duk shanun da na tashi na gani a gidanmu jikokinta ne. Yau ba ni da ko ɗan maraƙi, kin san yadda ɓarayin shanu suka tashe mu daga Barkiya. Amma da na ji kina faɗa wa 'yan'uwanki cewa sabuwar kwamfutarki ta ɓalle a mahaɗin murfi, Alhaji kuma ya ce ba zai sake saye ba, sai na ce alhamdulillahi, ashe har yanzu ina da abin ɗaurewa. Tun rasuwar kakanki ƙafar mahaifinki ba ta taka gidana ba, tawa ma ba ta taka nasa ba, ga shi tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Yanzu ko banza akwai abin da ya haɗa gidajen biyu.

Kada ki ɗora ta a kan katifa, hancinta a ƙasa yake. In fankar ta fara gurnani ki ƙyale ta, numfashi take yi.

Baffanki,
Tukur


Dutsin-Ma, Satumba

Baffa,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka, na karanta sau biyu, na biyun don in gane rubutun. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya ba Inna lafiyar ido. Baba da Mama suna lafiya, ƙanwata Maimuna tana gaishe ku.

Ɓaleye lafiyarta ƙalau, kafaɗata ce dai ba lafiya. Daga bakin ƙofar makaranta zuwa sashenmu sai na sauya kafaɗa kamar mai dakon gero. 'Yan ajinmu sun sa mata dutsen niƙa. In na kunna ta a ɗakin karatu, sai ka ga ana waige-waige ana neman wanda ya tada janareta. Da farko har lulluɓe ta nake yi da gefen hijabi.

Kuma Baffa, gaskiya ɗaya ce, sabbin nan ba a banza ake son su ba. Ta ƙawata Halimatussa'adiya da yatsa biyu ake ɗaga ta, batirinta yini yake yi, fuskarta tas kamar madubi. Ɓaleye kuwa batirin da ta zo da shi bai kai in gama shan koko ba.

Sai dai ka ji yadda ta kaya. Na kai ta shagon Sirajuddeen, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwa. Ya tura wani ɗan sakata a bayanta, batirin ya zame, ya zura wani, ƙas, magana ta ƙare ina tsaye. Ta Halima kuwa zafi ya sa batirinta ya kumbura ya ɗago madannan kamar burodi. Sirajuddeen ya juya ta ya sake juyawa, ya ce da gam aka liƙe ta, abin ajiyar bayananta kuma a jikin allon cikinta aka narka shi, sai dai a kai Kano. Duk aikin bincikenta yana ciki. Ta yi kuka har na tausaya mata, na manta ita ta fara cewa dutsen niƙa. A kan Ɓaleye ta sake buga babinta na ƙarshe. Yanzu mutum uku ke jiran in tashi su zauna, ba kuma wanda ya ƙara jin ƙarar fanka.

Na je da ita bakin madatsar Zobe wurin manoman da nake bincike a kansu. Ta sha rana, ta sha jijjigar mota, wani manomi ya yi mata caji da solarsa, ba ta ce uffan ba. Na duba shaidar kofaton, tana nan. Har nuna wa mutane nake yi.

Abu ɗaya: Baba ba ya son ganinta a falo. Rannan ya tsaya a kanta ya ce, "Kamar ba ni da rai, ɗiyata na karatu da kayan aro." Ka san halinsa, ba ya son a ce wani ya yi masa abin da shi bai yi ba.

Wata mai zuwa zan kare aikin gaban malamai. A sa ni a addu'a.

Ɗiyarka,
Nana Hadiza


Dutsin-Ma, ƙarshen Oktoba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, mu ma lafiya. Albishirinka! Ɓaleye ta haihu. Na tsaya gaban malamai na kare aikina, kuma sun yaba. Kwamfutar sashen ce ta ƙi haɗuwa da majigi, aka ce wa ke da mai irin tsohon bakin nan shuɗi na jona majigi? Ni kaɗai ce. Duk wanda ya kare aikinsa a ranar, ta kanta ya bi. Da ka ga yadda na ɗauke ta na fita, wallahi ban ji nauyinta ba.

Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce alherin da ka yi mana ba na godiyar baki ba ne. Da kansa ya je ya zaɓo sabuwa dal, fara, sirriya, tana cikin kwalinta ko ledar ba a ɓare ba. Ga ta nan na ba Manu, ya yi alkawarin a cinyarsa zai ɗora ta in hanya ta yi gargada. Ya ce tsohuwar ta gama nata, a bar ta ta huta, kai ma ka huta da ɗaukar kaya. Na ƙosa in ji abin da za ka ce in ka buɗe.

Za a yi mini walima a Disamba. Sunanka na fara faɗa.

Ɗiyarka,
Nana Hadiza


Kurfi, Nuwamba

Nana Hadiza,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa a amfana.

Ga kwalin nan na ba Manu ya mayar, ban buɗe ba. Ki ce wa Alhaji na gode. Wannan ba tawa ba ce.

Tukur Barkiya


Dutsin-Ma, Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fatan ba ciwon ne ya tashi ba, don na tambayi Manu ya ce ya gan ka a ƙofar masallaci kana hira. Mu lafiya, sai dai gidan ba daɗi.

Me muka yi? Na juya takardar ko akwai sauran magana a baya, ba komai. Ko "Baffanki" ba ka rubuta ba. Na zauna na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

A gaban mutane Manu ya sauke kwalin a shagon Baba. Da ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya ce ka raina kyautar ne, wai mai tsada kake so, ko kuwa so kake a ce har abada kai ne mai hannu a sama. Ya turo mini kwalin da ƙafa ya ce, "Ki riƙe, taki ce. Tunda abin namu bai kai ba, kowa shi tsaya gidanshi kamar da." Ya ce kada in ƙara sa sunanka a maganar walima.

Ni na san ba ka da kwaɗayi. Amma in ƙanƙantarta ce ba ta yi maka ba, akwai masu faɗin fuska, sai in roƙi Baba a sauya. In kuma wata magana ce a wasiƙata ta ɓata maka rai, ka faɗa mini wace ce. Shekara da shekaru ban san ina da Baffa a Kurfi ba, ba na son in koma rashin sani.

Ɗiyarka, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba,
Nana Hadiza


Kurfi, ƙarshen Nuwamba

Ɗiyata Nana,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, motar Manu ce ta kwanta a gareji da ita a ciki, kada ki ɗauka shiru na yi miki da gangan. Larai ta karɓe ta daga hannuna ta sa aka karanta mata, ta kuma wanke ni tas. Ta ce yarinyar da aka haifa a gari ina za ta san abin da ba a gaya mata ba. To, bari in gaya miki.

Saniyar haɓɓanaye ba a biyan ta. In ta mutu a hannunka, ko kura ta ci, ko ɓarayi suka kora, ka zo ka faɗa wa mai ita, ya ce Allah ya mayar da alheri, shi ke nan. Ko wutsiyarta ba zai tambaye ka ba. Amma ka kawo masa wata a madadinta, ko da ta fi ta ƙiba, to ka gaya masa cewa ciniki kuka yi, an biya, an rabu. Mahaifina da ya mai da wa kakanki karsanarsa, ta tsufa, haƙoranta sun zube, da igiya ya jawo ta a ƙafa har ƙofar gida. A lokacin yana da 'yan bana bakwai a garke, bai kai ko ɗaya ba. Kakanki ya fito ya rungume wuyanta.

Da na ga kwalin nan, na karanta "ta gama nata, a bar ta ta huta", abin da na fahimta shi ne ta mutu, kuna jin nauyin faɗa mini, kuka aiko da diyya. Ya yi mini ciwo, Nana. Garkena ya tafi ban yi hawaye ba. Ranar nan sai da na shiga ɗaki na rufe.

Ki ce wa Alhaji ban raina kyautarsa ba, ban ma gan ta ba. Kuma ko na gani, me zan yi da ita? Abin da ba ya kwantuwa da sukurdireba, in ya yi ciwo sai a jefar, wa zan ɗaure wa? Yaran da ke zuwa wurina a bayan babur suke tafiya, a ɗakin da ke yoyo suke kwana, ƙannensu suna wasa da duk abin da suka gani. Mai ƙashi suke buƙata. Sirriyar nan hannu ɗaya za ta yi, na biyu sai labari.

Yanzu ki gaya mini gaskiya. In ta mutu, ki ce ta mutu, in yi mata addu'ar da ake yi wa abin da ya yi amfani, in zo walimarki ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba. In kuwa tana da rai, gida za ta dawo. Ba na karɓar wata.

Baffanki,
Tukur


Dutsin-Ma, Disamba

Baffa,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da kuna lafiya, ka ce wa Inna Allah ya saka mata. Mu ma lafiya.

Ba ta mutu ba. Ranar da Baba ya sayo sabuwar, a shagon Sirajuddeen ya saya, sai ya bar masa Ɓaleye kyauta, ya ce ya cire abin da zai yi masa amfani. Na sani, ban kuma hana ba, don na ɗauka an yi maka gata ne. Da na gama karanta wasiƙarka ko takalmi ban tsaya zaɓa ba. Duk hanya ina ganinta a raina an farke ta, an watsa kayan cikinta a kwali.

Ina shiga na ji gurnaninta kafin in gan ta. Tana kan teburinsa, wayoyi sun fito mata ta ko'ina, wata sabuwa 'yar gayu tana kwance gefenta ana yi mata magani ta jikinta.

Na ce, "Malam Sirajo, na zo karɓar kwamfutar nan."

Ya ce, "Wace? Wagga? Hajiya, Alhaji da bakinshi ya ba ni. Na kwance ta zan cire kaya, na ga ƙarhen da ke cikinta, na ce wallahi wagga ba ta yanka ba ce. Na hure mata ƙura na maida. Yanzu da ita nike aikin shagon ga duka."

Na ce ai tsohuwa ce, zai sami wata. Ya yi dariya ya nuna mini ƙarƙashin tebur, tsofaffi jibge kamar kwanonin wanki. Ya ce, "Ga sa'o'inta nan, duk sun mutu. Ba kowace tsohuwa ba ce haka. Ita don masu aikin wahala aka yi ta, shi ya sa ta kai yau. Sabbin ma akwai masu ƙwari, sai dai ba su ake kawo muna ba. Waɗanda ake kawowa roba ce da gam. In na ba ki wagga, mi zan kama?"

Na yi roƙo, na yi masa bayanin haɓɓanaye tun daga karsanar kakana. Ya saurara da kyau, ya ce labari ya yi daɗi, amma shi ba Bafillace ba ne, mai shago ne. Sai na koma gida na ɗauko sabuwar, wadda Baba ya ce tawa ce, na dire masa a kan tebur da ledarta. Na ce musaya.

Baffa, ka san sai da mutumin nan ya tsaya tunani? Ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya sosa ƙeya. Maƙwabtansa masu shaguna suka taru. Ɗaya ya ce, "Kai Sirajo, karɓi kahin ta dawo hayyacinta!" Aka kwashe da dariya. Wata mata ta tambaye ni wai da gaske digiri na gama. Na ce ƙwarai, a kan wannan baƙar na gama shi. Daga ƙarshe ya kwashe aikinsa daga cikinta, ya naɗe cajar, ya miƙo mini yana cewa shi aka cuta. Na rungumo ta na ratsa kasuwa, ban lulluɓe ta ba, ana nuna ni ana dariya. Tunda nake ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba.

Saura Baba. Bayan la'asar na same shi a falo, na ajiye ta a gabansa, na faɗa masa abin da na yi. Ya ce, "Kin ba da sabuwa kin karɓo wannan?" Na ce e. Ya buɗe baki zai fara, na ce ya yi mini haƙuri in karanta masa wani abu. Na karanta masa wasiƙarka daga "saniyar haɓɓanaye ba a biyan ta" har inda kakana ya rungume wuyanta. Ya daɗe yana kallon bango. Can ya tashi ya ɗauke ta, da cajar da jakar, ya shiga ɗakinsa ya kulle. Da na ce Manu yana jira, sai ya ce in sallami Manu.

Don haka takarda kaɗai Manu zai kawo maka. Ban san abin da Baba yake nufi ba, tun ranar bai sake tada maganar ba, ni kuma ina tsoron tambaya. Na yi iya yina, Baffa. Tana da rai, tana cikin gidanmu, amma ba ta hannuna.

Ɗiyarka,
Nana Hadiza


Kurfi, Disamba

Ɗiyata Nana, jikar Malam Sa'idu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiyar da muka daɗe ba mu yi irinta ba. An ce sabis ya kusa dawowa, amma wannan magana ba ta waya ba ce, so nake ki ajiye ta. Na san mahaifinki, zai dawo gida ya ce miki "an kai", ya shige ɗaki. To ga yadda aka yi.

Ranar Juma'a da hantsi ina zaune a zaure, sai na ga mota ta tsaya can bakin lungu, don lungunmu ba ya cin mota. Wani mutum ya fito da babbar riga, ya rataya baƙar jaka. Direbansa ya miƙa hannu zai karɓa, ya ture hannun. Tun daga nesa na gane jakar, sai daga baya na gane mutumin. Ya yi furfura, ya yi tumbi, amma tafiyar ta kakanki ce sak. Ya tako lungun nan a ƙafa, yana haki, mutane suna leƙe.

Ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce, "Yaya Tukur, ga saniyarka. Wallahi ta hi buhun siminti." Na ce, "Kai ne ba ka saba ɗaukar abin kirki ba." Daga nan muka riƙe hannun juna kamar yara. Larai ta rangaɗa guɗa daga cikin gida, ita da ta ce ta tsufa da guɗa.

Na buɗe ta a kan tabarma na danna. Ta yi gurnaninta ta kawo. Na ga harafi biyu sun goge da yawan bugu, na ga sabon batir, na ga wani ɗan ƙwarzane a kusurwa wanda ban san shi ba. Na ji daɗinsa, shaidarki ce. Mahaifinki ya ce ya tuna karsanar nan, ja ce mai karyayyen ƙaho, yana yaro aka dawo da ita, shi ya ba ta dusa. Ni na manta da ƙahon ma. Muka tafi masallaci tare, na tsaya da shi a ƙofa ina cewa duk wanda ya wuce, "Ƙanena ne, daga Dutsin-Ma." Sai da ya ce in bari haka nan, mutane na son shiga.

Labarin musayarki kuwa ya riga shi isowa, Manu ya baza shi a tasha. Wasu suna cewa 'yar boko ta yi wauta. Duk wanda ya faɗa a gabana sai in ce masa ya je ya nemo ɗiyar da za ta yi masa irin wannan wautar. Ina alfahari da ke, Nana. Na faɗa a masallaci, na faɗa a tasha, yanzu na rubuta. Walimarki kuwa da ni za a yi, mahaifinki da kansa ya gayyace ni.

Bayan mun ci tuwo, ya yi ta jujjuya hularsa. Mutumin da zai iya sayen kwamfuta goma kafin la'asar. Can ya ce, "Yaya, Maimuna za ta shiga jami'a baɗi. In ba a yi alkawarin Ɓaleye ba, a ɗaure mata."

Na bar shi ya ɗan jira, na sha ruwa. Sannan na ce masa akwai layi. Wata yarinya a Ɗantutture ta riga shi, bayanta akwai ɗan makiyayi a Shema da ya ci jarrabawa. Na ce kuma ni tsoho ne, mantuwa gare ni, wanda ba ya zuwa yana tuna mini, sunansa ɓacewa yake yi.

Ya ce, "To sau nawa ake zuwa?"

Na ce, "Wanda ke gabanka duk Juma'a ubansa ke zuwa."

Ya sa hularsa, ya ce a ajiye masa tuwo.

Baffanki,
Tukur